Agwagin Yeji da Abin da Muka Tarar a Ƙirjinsu

A watan Janairu ne, hunturu ya kankama, ƙura ta rufe Aboabo har ba ka hango hasumiyar babban masallaci da kyau. Na dawo daga sallar la'asar na tarar da kwandunan kifi banda da na saro a Yeji sun iso. A kansu akwai wani ƙaramin kwali cike da ƙanƙara. Yaron mota ya ce, "Alhaji, maigidanka na Yeji ya ce a ba Mma, tsaraba ce." Da aka buɗe sai ga agwagin daji guda huɗu, an fige an cire kayan ciki.

Gida ya ɗauki murna. Mma, wato mahaifiyarmu, ta ce rabonta da naman agwagwar daji tun mahaifinmu yana raye. Matar ƙanena kuma tana da ciki wata shida, kwana biyu ke nan tana ambaton farfesu. Uwargida ta ɗauko wuƙa da faranti ta zauna bakin rariya. Ba a jima ba na ji ta ƙwala mini kira.

"Maigida, zo ka ga ikon Allah."

Ta ɗaye fatar ƙirjin ta ukun. A cikin tsokar akwai wasu fararen abubuwa dogaye, a jere bi da bi, kai ka ce shinkafa aka tsoma a cikin naman. Ba sa motsi, ba sa wari. Sauran ukun kuwa tsokarsu ja wur, babu komai.

Nan gida ya rabu biyu. Mma ta ce ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma tun zamanin kakanni wuta ce maganin nama. Uwargida ta ce ita dai ba za ta sa wannan a tukunyar da mai ciki za ta ci ba. Ni kuma abin da ke raina daban ne. Mutumin da ya aiko da tsarabar shekara tara yana ba ni kifi bashi, sai na sayar in biya. Idan ya ji an zubar da kyautarsa a bola, me zai ɗauke ni? Na ce a mayar da su cikin ƙanƙara, a ba ni zuwa gobe.

Wurin mahauci

Da asuba na naɗe agwagwar a leda na nufi wurin wani dattijon mahauci da muke salla tare, wanda ya yi shekaru yana fiɗa a mayankar Kumasi. Ya duba, ya matsa da ɗan yatsa, ya ce bai saba ganin irin wannan a tsuntsu ba, amma ya san ɗan'uwansa a shanu. A naman sa akan tarar da wasu 'yan ƙulle-ƙulle farare, musamman a tsokar muƙamuƙi da harshe da zuciya. Shi ya sa ma'aikatan duba nama suke tsaga waɗannan wurare kafin su buga hatimi. Wanda ya ci irin wannan nama bai dahu ba, tsila ce za ta girma a cikinsa, farar tsutsar nan mai faɗi da kan kai tsawon mita da yawa.

Sai ya faɗi wata magana da ta tsaya mini: "Saniya tana da mai dubawa. Naman daji wa ke duba shi? Daga maharbi sai tukunya." Ya ba ni shawara in kai wa likitan dabbobi.

Wurin likitan dabbobi

Likitar da na samu Batoniya ce, amma ta yi aiki a Bawku, tana jin Hausa ras. Tana gani ta ce wannan ya yi kama da wata ƙwayar cuta da ake kira Sarkosistis. Maharban agwagwa a Amurka da Turai sun san ta sosai, har suna kiran irin wannan nama da suna mai ma'anar ƙirji mai shinkafa. Ta bayyana mini yadda abin yake yawo: dabba mai cin nama, irin su yanyawa, ta ci agwagwa mai ɗauke da shi, ƙwayayen su fito a kashinta su shiga ruwa ko ciyawa, wata agwagwar ta ci, su je su zauna a tsokarta su yi waɗannan fararen gidaje.

Na ce, "To likita, in mutum ya ci fa?"

Ta ce nau'in da ke kama agwagwa ba a san yana kama ɗan Adam ba, kuma dahuwa mai kyau tana kashe shi. Duk da haka, wadda ta cika da shi irin wannan, a haƙura da ita. A binne ta ko a ƙone, kada a jefa wa kare ko kyanwa ɗanya, don ta haka cutar ke ci gaba da zagaye.

Har na miƙe ina murna, sai ta ce in zauna, ba ta gama ba. Ta tambaye ni ko akwai mai ciki a gidan. Da na ce akwai, sai ta ce ita sauran ukun nan masu kyan gani su suka fi damunta. Akwai wata ƙwayar, Toksoplasma, da ido ba ya ganinta sam. Takan zauna a tsokar tsuntsaye da dabbobi, na gida da na daji, kuma a cikin kyanwa take hayayyafa ta fito a kashinta. Lafiyayyen mutum yakan kamu bai ma sani ba. Amma idan mace ta fara kamuwa tana da ciki, tana iya ratsawa zuwa ga ɗan tayin, ta jawo ɓari, ko ta taɓa idon jaririn ko ƙwaƙwalwarsa. Haka nan tana da haɗari ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Maganin wannan dai a dafa nama ya dahu har ciki, a wanke hannu da wuƙa da sabulu, mai ciki kuma ta bar wa wani aikin gyaran ɗanyen naman.

Na fito ina tunani. Abin da ya tayar mana da hankali a gida shi ne mafi sauƙi. Wanda ba mu gani ba shi ya fi kusa da cutar da mu.

Abin da wuta ke kashewa

Maganar Mma tana da gaskiya, amma da sharaɗi. Wuta tana kashe tsutsotsi da ƙwayayensu idan zafin ya kai tsakiyar tsoka. Masana abinci suna cewa naman tsuntsu ya kai digiri 74 a ma'aunin Selsiyos, naman dabbar daji kuma 71. Ba kowa ke da ma'aunin zafi a madafa ba, don haka a lura da alama: a yanka ƙanana, a tafasa har ja ya ɓace a jikin ƙashi, ruwan da ke fita daga tsokar ya zama garau babu jini.

Matsalarmu ita ce yawancin naman daji ba ɗanye yake zuwa mana ba, ƙyafaffe ne. Ni da nake sayar da banda na san sirrinta. Hayaƙi yana busar da waje ya yi baƙi ya yi ƙamshi, amma babban yanki yana iya zama ɗanye a tsakiya. Gishiri da yaji da shanya a rana ba su da tabbas wajen kashe waɗannan abubuwa. Gashin cicinga na bakin titi ma haka, sau da yawa waje ya ƙone ciki da saura. Saboda haka ƙyafaffen nama ma sai an sake tafasa shi sosai. A daina yago ana ba yara a hannu kafin ya shiga miya.

A kayan ciki kuma, likitar ta ce a duba hanta da huhu. Idan aka ga wasu jakunkuna masu ruwa kamar ƙwai marar ɓawo, a cire gaɓar duka a binne. Mutum ba ya kamuwa ta cin jakar kai tsaye. Kare ne ke ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa, yaro ya yi wasa da ƙasa ko da karen ya kai hannu baki. Shekaru bayan nan sai a tarar da irin wannan jaka a hantar mutum, wani lokaci sai an yi tiyata. Masu kiwon karnukan farauta su riƙe wannan.

Abin da wuta ba ta kashewa

Na farko guba. Ba ɓoyayyen abu ba ne a Gana cewa wasu mafarauta suna zuba maganin ƙwari na gona a abinci ko a bakin ruwa don kama gyazbi da tsuntsaye. Tafasa ba ta wanke wannan. Gubar ta fi taruwa a tumbi da hanji, kuma maƙwabtanmu Tonawa suna son sa abin da ke cikin tumbin gyazbi a miya don ɗanɗano. Dabbar da ka juya ta ko'ina ba ka ga raunin harsashi ko na tarko ko yanka ba, ka tambayi kanka me ya kashe ta.

Na biyu dalma. Harsashin bindigar maharba ƙananan ƙwayoyin dalma ne, suna warwatsuwa a cikin tsoka. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara da 'yan tayi, kuma dahuwa ba ta rage ta. Mu da muke da dangi a Zamfara ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya a 2010 ba. Wancan ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma guba ɗaya ce. A tsince ƙwayoyin, a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar.

Na uku mushe. A watan Yuni na 2023, dab da Babbar Salla, cutar saifa ta ɓulla a jihar Upper East, a wajajen Binduri, har aka rasa rai, hukuma ta hana yanka da safarar dabbobi a yankin na ɗan lokaci. 'Yan tiken shanu na Kumasi sun ji a jikinsu. Wannan cuta tana kama dabbobin daji ma. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta, ba a ma taɓa ta. Mai fiɗar ne yake fara kamuwa.

Haɗarin mai fiɗa

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Sau da yawa mai ci ya tsira saboda tukunya, amma wanda ya fige, ya yi babbaka, ya tsoma hannu a jini, shi ne a gaba. A gidajenmu kuwa wa ke wannan aiki? Mata da yara.

A ranar 17 ga Yuli, 2022, Gana ta tabbatar da ɓullar cutar Marburg a karon farko, kuma a nan jihar Ashanti ta fara. Cibiyar bincike ta Noguchi a Ankara ce ta gano ta, cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar. Mutum uku suka kamu, biyu suka rasu, aka sanar da ƙarewarta ranar 16 ga Satumba. Asalin wannan cuta jemagun kogo ne, shi ya sa hukumar lafiya ta gargaɗi jama'a kan shiga koguna da taɓa naman daji. A 2014 kuma, lokacin Ebola, ko da yake cutar ba ta shigo Gana ba, kasuwar naman daji ta mutu murus na tsawon watanni.

Akwai ma labarin da ya kai sunan ƙasar nan har Amurka. A watan Afrilu na 2003 aka yi jigilar ƙananan dabbobi kusan 800 daga Gana zuwa jihar Texas, cikinsu har da gafiya. Suka harbi wasu dabbobin da Amurkawa ke ajiyewa a gida, daga nan mutum 47 suka kamu da ƙyandar biri. Wannan ne karo na farko da aka ga ɓarkewar cutar a wajen Afirka. Babu wanda ya ci naman, taɓawa ce kawai.

Su kuma agwagin daji, su ne sanannun masu yawo da murar tsuntsaye. Wasunsu daga Turai suke tasowa su yi hunturu a tafkin Chadi da fadamun Hadeja da Nguru. Cutar ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ta iso Gana a 2007, ta kuma dawo a 2015 da 2021. Wanda ke kiwon kaji da zabi a tsakar gida kada ya fige tsuntsun daji a cikinsu, kada kuma ya bar gashin da hanjin a inda za su tona. Tsuntsun da aka tsinta a mace a bakin ruwa kuwa ba rabo ba ne, a bar shi.

Atwemonom da yaranmu

Duk wanda ya zauna Kumasi ya san Atwemonom, tsohuwar kasuwar naman daji da ke kusa da babbar kasuwa. Da sassafe ake sauke gyazbi, wanda Tonawa ke ce wa akrantie, da gada da mazo da gafiya, ana babbaka hayaƙi na tashi. Sana'a ce ta gado, uwa ta bar wa 'ya, kuma da ita suke ciyar da iyalansu kamar yadda muke yi da goro da albasa da kifi. Mutanen Zango ba su cika saye a can ba saboda maganar yanka. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, samarinmu da ke bin mota da masu dako suna shiga rumfunan sakwara su ce a zuba musu akrantie, ba sa tambayar komai.

Akwai kuma doka. Tun dokar kare namun daji ta 1971, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an hana farauta a Gana, domin lokacin ne dabbobi ke ɗauke da ciki ko shayarwa. Gyazbi kaɗai aka ware, shi ma sai da lasisi daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji. Direban da ya ɗauko gada a cikin kayansa a wannan lokaci, ya san abin da ya ɗauko.

'Yan'uwa da ke Jamus, Ingila da Amurka kuma, ku daina roƙon a saƙa muku ƙyafaffen nama a jakar matafiyi. Ƙasashen nan sun hana shigar da nama a kayan fasinja. Ƙwacewa za a yi a filin jirgi, wani lokaci har da tara, ka jefa ɗan aike cikin wahala a kan loma biyu.

Wurin malam

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi nauyi. Bayan magariba na zauna da malaminmu na zaure, wanda muke karanta Risala a wurinsa, ita ma tana da babi a kan yanka da farauta. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, naman farauta yana halatta idan maharbin Musulmi ne, ya yi bisimilla lokacin harbi, kuma makamin ya fitar da jini. Idan ya riski dabbar da sauran ranta sosai, sai ya yanka. Wadda ta mutu a tarko kafin a iso, ko ta ci guba, ko aka tsinta a mace, mushe ce.

Na lura da wani abu. Tambayoyin malam su ne na likita: wa ya kama, da me ya kama, a raye ya same ta ko a mace? Wanda ya kiyaye na farko ya rage wa kansa rabin na biyu.

Don haka babu makawa sai na kira Yeji. Na daɗe ina juya waya a hannu. Da ya ɗauka muka gaisa, na yi godiya, na yi godiyar Mma, sannan na ce, "Maigida, don Allah kada ka ji komai, akwai mai ciki a gidan ne. Agwagin nan wa ya harbo?"

Ya yi shiru kaɗan, gabana ya faɗi. Sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, da ba ka tambaya ba ai da na ce ba ɗan malamai ba ne kai." Ya ce ɗan ƙanwarsa ne ya harbo su da asuba a bakin tafki, biyu ya same su da rai ya yanka, biyu harbin ya gama da su, kuma yaron ba ya ɗaga bindiga sai da bisimilla. Na gaya masa abin da muka gani a ƙirjin ɗaya. Ya ce shi ma zai riƙa dubawa, don iyalinsa ma suna ci.

Yadda muka ƙare

Mai shinkafar, na haƙa rami a bayan gida na binne ta, na ɗora dutse saboda karnukan unguwa. Sauran ukun uwargida ta gyara su ita kaɗai, ta sa leda a hannu saboda tana da ɗan yanka a yatsa. Ta tsinto ƙwayoyin dalma bakwai, ta yanke wuraren raunin. Wuƙa da faranti da turmi duk aka wanke da sabulu da ruwan zafi kafin a taɓa tumatir. Farfesun ya fi awa ɗaya a wuta, da citta da kanumfari da masoro, har nama yana sakin ƙashi. Matar ƙanena ta sha kwano biyu.

Mma ta ci nata tana mita, wai an dafe naman har ya rasa daɗin tauna, a zamaninsu ba a wannan bin diddigi. Uwargida ta ce, "Mma, a zamaninku ai 'ya'ya nawa aka binne ba a san dalili ba?" Mma ba ta amsa ba. Ta haifi goma sha ɗaya, mu shida muka rayu. Can sai ta ce a ƙara mata romo.

Ga abin da na riƙe, ga duk wanda tsaraba irin wannan ta iso gidansa. Ka san wanda ya kama da yadda ya kama. A ɗaye fata a duba tsoka, a duba hanta da huhu da rana, ba da dare ba. Abin da aka yar a binne, kada kare ko kyanwa su samu. Mai ciki da yara su nisanci wurin fiɗa. A dafa har ƙashi, ko da ƙyafaffe ne. Wanda kuma ya ji zazzaɓi mai zafi, ko gudawa, ko ƙuraje, ko ciwon tsoka bayan ya gyara ko ya ci naman daji, ya tafi asibiti ya faɗa wa likita abin da ya taɓa. Kada ya tsaya wurin mai kemis yana sayen maganin maleriya.

A watan Afrilu matar ƙanena ta sauka lafiya, aka samu mace. Ranar suna sai ga motar Yeji ta tsaya a ƙofar gida. Yaron mota ya sauko da keji, zabi shida a ciki suna ta kuka. Ya ce, "Maigida ya ce a gaya wa Alhaji, waɗannan da ransu suka zo. Ya yanka da hannunsa, ya duba da idonsa."